Tsuntsun Teku Mai Halin Shirwa: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Daga Ikara zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 600, don haka manomin rake na Maƙarfi ko mai lambun tumatir na Hunƙuyi zai iya tsufa bai taɓa ɗora ido a kan tsuntsun tekun nan da ake kira sigal ba. Alhazan da suka leƙa gaɓar Jidda sun gan shi. Haka 'yan kasuwarmu masu sarin kaya a Dubai, idan sun tsallaka mashigin ruwan Deira cikin ƙaramin jirgi lokacin sanyi, shi ne farin tsuntsun nan mai ƙara da ke shawagi a kansu yana jiran a jefa burodi. Fari ne a ciki, toka ko baƙi a baya, ƙafarsa irin ta agwagwa, bakinsa da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya tuna shirwar da ke gewaya mahauta, wadda za ta sauko ta fige tsoka daga farantin da ke kan yaro, kafin ya ɗaga kai ta yi sama. To ka ba ta fararen kaya da gida a bakin ruwa. Halin ke nan.

Ba tsuntsu ɗaya ba ne, dangi ne, sun fi iri 50, kuma babu nahiyar da babu su, har gefen ƙanƙarar kudancin duniya. Autansu nauyinsa kamar giram 120 ne, wato ko kurciya ta gari ta kusa kamo shi. Babbansu, mai baƙin baya na arewacin Atlantika, yakan kai kilo ɗaya da rabi ko fiye, faɗin fikafikansa ya haura mita ɗaya da rabi, kuma an sha ɗaukar hotonsa yana haɗiye ɗan zomo ɗungurungum. Gashi da ƙashin da ciki ya kasa narkarwa, sai ya dunƙule su ya amayar.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yawancinsu ba sa son tsakiyar teku. A gefe suke, inda masunta ke fasa kifi, inda kwata ke zuba, inda juji yake. Wasu ma ba su da haɗi da teku sai na suna.

Ga kuma sigal mai launin toka na ƙasar Chile. Abincinsa a bakin teku yake, amma idan zai yi ƙwai sai ya nufi hamadar Atakama, ɗaya daga wuraren da suka fi ko'ina fari a doron ƙasa, inda akan yi shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. A kan tsakuwa zalla yake ajiye ƙwansa, wani lokaci kusan kilomita 100 daga ruwa. Da rana ɗaya daga cikin iyaye zai tsaya a kan 'ya'ya ya yi musu inuwa da jikinsa, ɗayan yana can teku, sai dare ya yi ya taso da abinci a maƙoshi. Hikimar a fili take: wurin da ba abin da zai ci, ba abin da zai ci shi. Akwai kuma wani a tsibiran Galapagos da ya juya wa rana baya ɗungurungum, da dare yake kiwo, idanunsa manya, yana tsintar abin da ya taso saman ruwa cikin duhu.

Ruwan teku kuwa sha yake yi, ya kwana lafiya. Mutum ya gwada haka, ƙishirwarsa ƙaruwa za ta yi, domin ƙodarsa sai ta ɓarar da ruwan da ya fi wanda ya sha kafin ta fitar da gishirin. Shi sigal an yi masa wasu 'yan kumburi biyu a ƙoƙon kai, daidai saman idanu, aikinsu tace gishiri daga jini. Ruwan da suke tatsowa ya fi na teku zartsi, yana gangarowa ta hanci ya taru a tsinin baki, sai tsuntsun ya girgiza kai ya watsar. Wanda ya gano haka a shekarun 1950 wani masani ne haifaffen Norway, Knut Schmidt-Nielsen. Ya ɗura wa wani babban sigal ruwan teku da ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, cikin kamar awa uku tsuntsun ya tsiyayar da kusan duk gishirin. Mutumin nan dai shi ne ya je Saharar Aljeriya ya zauna yana auna yadda raƙumi ke jure ƙishirwa. Da alama duk dabbar da ta raina matsalar ruwa ita ce abokiyarsa.

Yanzu ga wanda na fi so. A ƙasan bakin manyan sigal na Turai akwai wani ɗan jan ɗigo, kai ka ce jini ne ya bushe. Ɗan tsako na ƙyanƙyashewa, tun bai san uwa ba bai san uba ba, zai miƙa wuya ya riƙa saran wannan ɗigon. Saran ne ke sa babban ya amayo masa kifi. Niko Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, ya zauna a cikin yashin gaɓa yana yanka kawunan tsuntsu na kwali, wani da ɗigo ja, wani da baƙi, wani babu ko ɗaya, yana miƙa wa 'yan tsaki yana ƙirga sara. Mai ja ya fi shan sara. Daga baya aka miƙa musu wani siririn jan tsinke mai fararen zobba uku a baki, abin da bai yi kama da tsuntsu ta ko'ina ba, sai ga shi sun fi rububinsa a kan kan da aka sassaƙa daidai da na uwarsu. Wato ɗan tsakon ba uwa yake nema ba, alama yake nema, kuma idan aka zuzuta alamar sai ya bar gaskiya ya bi ƙarya. Masu talla sun daɗe da sanin wannan game da mu. Tinbergen ya samu kyautar Nobel a 1973 tare da wasu masana biyu, kuma aikinsa a kan sigal na cikin abin da ya kai shi.

Shi ne kuma ya lura cewa sigal mai baƙin kai, da zarar ɗa ya fito, yakan ɗauki ɓawon ƙwan a baki ya kai shi nesa ya yar. Bayan ƙwan dabbare-dabbare ne, ya saje da ƙasa, amma cikin ɓawon fari fat, daga sama hankaka zai hango shi.

Ƙwai uku suka saba yi. Mace da namiji ne ke karɓa-karɓar kwanci har kusan mako huɗu, kuma galibi miji ɗaya mata ɗaya ne shekara da shekaru, a wuri ɗaya, wani lokaci a kan dutse ɗaya. A 2019 wasu masana na jami'ar Vigo da ke Sifen suka fito da wani abin da ya fi wannan. Sun riƙa ɗebo ƙwai biyu daga cikin uku suna kunna musu kukan gargaɗin da iyaye ke yi idan sun ga maƙiyi, sannan su mayar da su kusa da na ukun da bai ji komai ba. Ƙwan da suka ji kukan sai suka ƙara motsi a cikin ɓawo. Da aka ƙyanƙyashe, har na ukun ya fito da saurin laɓewa idan an yi ƙara, daidai da 'yan uwansa. Labarin haɗari ya isa gare shi ta jijjigar ɓawo tun kafin ya ga duniya.

Gargaɗin yana da dalili, domin maƙiyin farko maƙwabci ne. Dubbai suke taruwa wuri guda su yi sheƙa, kowa da 'yar iyakarsa, kuma ɗan tsakon da ya yi kuskuren tsallakawa gidan wani yana iya zama kalacin mai gidan.

Wanda ya tsira, in daga manyan iri ne, sai ya yi shekara huɗu kafin ya samu fararen kayan manya. Kafin nan ruwan ƙasa ne mai zane-zane, shi ya sa baƙo kan ɗauka iri biyu ne daban. Bayan haka kuwa yana da nisan kwana: zoben da ake sa musu a ƙafa ya nuna wasu sun haura shekara 30.

Dabarun neman abinci, a gurguje. Yakan ɗauki katantanwar ruwa mai taurin ɓawo ya yi sama da ita ya sake ta a kan dutse ko kwalta, in ba ta fashe ba ya sake. Yakan tsaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa yana buga ƙafafu dif-dif-dif da sauri, kai a tsaye, ido a ƙasa, har tana ta fito ya tsince ta. An ga wanda ya samu burodi bai ci ba, ya yayyaga ya zuba a ruwa ya jira kifi ya taso. A Turai da Amurka garke guda ke bin bayan tarakta lokacin huɗa suna tsintar tsutsa.

Amma sana'ar da ta yi masa suna ita ce ƙwace. Yana ƙwace wa 'yan uwansa tsuntsaye, yana ƙwace wa mutane, kuma ta baya yake zuwa. A garuruwan gaɓar Ingila abin ya kai har masana na jami'ar Exeter suka yi gwaji a yankin Cornwall. A ajiye soyayyen dankali a ƙasa, mutum ya tsuguna kusa, wani lokaci ya kafa wa tsuntsun ido, wani lokaci ya kau da kai. Idan ana kallonsa, sai ya ƙara kamar daƙiƙa 21 yana jan ƙafa kafin ya taɓa, wasu ma su fasa. Yawancin waɗanda aka gwada ko kusa da abincin ba su zo ba, ashe 'yan ƙalilan ne ke ɓata wa dangi suna. A shekarar da ta biyo baya masanan suka ajiye abinci iri ɗaya guda biyu, aka ɗauki ɗaya aka jujjuya a hannu aka mayar. Mafi yawan tsuntsayen wanda aka taɓa suka nufa. Kallonmu suke yi su gane abin da ya cancanci ci.

Har agogonmu sun iya. A birnin Bristol an ɗaura wa wasu na'urar bin sawu a baya, aka tarar suna sauka a filin wata makaranta daidai lokacin tara da lokacin abincin rana, ranar Asabar da Lahadi kuma ba su cika ɓata lokacinsu a can ba. A Beljiyam ma an sa wa wasu na'urar, ana zaton za a ga suna fita teku kamun kifi. Sai taswira ta nuna da yawa suna yin fiye da kilomita 50 cikin ƙasa zuwa garin Mouscron, inda wata masana'antar soya dankali ke zubar da rarar kaya. Duk wanda ya ga tulin ruɓaɓɓen tumatir a gefen titin Zariya zuwa Kano lokacin da kaya ya yi kwantai, kwando ya faɗi warwas, ya san da akwai teku a Kudan da ba a rasa baƙi ba.

Kwaɗayin kan ja masa abin kunya. A 2016 wani ya faɗa cikin tukunyar miyar kori a wata masana'antar abinci a Wales, ya fito ruwan lemo tun daga kai har wutsiya. Masu jinyar dabbobi suka wanke shi tas, launi ya fita, ƙamshin ya daɗe bai fita ba.

Wani lokaci kuma ba abin dariya ba ne. A gaɓar Valdés ta Ajantina, inda manyan kifayen nan masu shayarwa ke zuwa haihuwa, sigal ya koyi sauka a gadon bayansu idan sun taso shaƙar iska, ya sari fata ya ci kitse, dabbar tana raye. A shekarun 1970 kashi 2 cikin 100 ne na iyaye mata da 'ya'yansu ke da irin wannan rauni. Zuwa shekarun 2000 ya kai kashi 99. Sharar kamfanonin kifi da jujin gari na cikin abin da ya sa tsuntsayen suka yawaita a yankin. Dabbar da ta kai tan 40 ta koma tana ɗago kai kawai ta shaƙi iska ta nutse da sauri, saboda tsuntsun da bai fi kilo ɗaya ba. A Janairun 2014 kuma, a fadar Vatikan, yara biyu da ke tsaye kusa da Fafaroma Francis suka saki fararen tattabaru biyu alamar zaman lafiya. Nan take sigal ya far wa ɗaya, hankaka ya far wa ɗayar, a gaban dubban jama'a da kyamarori.

Jirgin sama ma bai tsira ba. Mutum na farko da karon jirgi da tsuntsu ya kashe shi ne Cal Rodgers, wanda ya fara ratsa Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa ta sama. A 1912, a Long Beach, sigal ya maƙale a igiyoyin sarrafa jirginsa, ya faɗa ruwa. Ranar 15 ga Agustan 2019 jirgin kamfanin Ural Airlines ya tashi daga filin Zhukovsky kusa da Mosko da mutum 233, ya yi karo da garken sigal, injuna biyun duka suka samu matsala. Matuƙan suka kwantar da shi a kan cikinsa a tsakiyar gonar masara, ba tare da sun sauke tayoyi ba, kuma ba wanda ya mutu.  Da aka waiwaya neman abin da ya tara tsuntsaye kusa da filin, sai aka fara nuna juji da yatsa.

Duk da haka akwai inda aka gina masa hasumiya. A 1848, mutanen da suka fara kafa gonaki a kwarin Salt Lake na jihar Utah suka wayi gari wata irin fara marar tashi ta rufe musu amfanin gona. Suna cikin fid da rai sai ga garken sigal daga tafkin da ke kusa, suka dira a gonakin suna ci, suna amayar da ƙafafu da ɓawon da ba ya narkewa, suna sake ci. Masana tarihi sun ce an ƙara wa labarin gishiri, amma mutanen wurin ba su fasa godiya ba: sun kafa masa hasumiya a 1913, a 1955 kuma jihar ta naɗa shi tsuntsunta. Manomin da jan-baki ya taɓa kwashe wa dawa ko shinkafa cikin yini ɗaya zai ji abin banbaraƙwai, a ce garken tsuntsaye ya sauka a gona a yi murna.

To a ƙasarmu fa? Yana zuwa, sai dai ba ya yawa. Sigal mai tokar kai ɗan Afirka ne, yana sheƙa a tsibiran gaɓar Senegal da Gambiya, ana kuma ganinsa a tafkin Chadi da manyan koguna. Ƙaramin mai baƙin baya kuwa baƙon sanyi ne daga Turai. Waɗanda ke ƙwai a Finland kan ratsa har tafkin Victoria a gabashin Afirka, dubban kilomita, su koma gida da bazara, wasu kuma tafkin Chadi ne masaukinsu. Wanda mutumin Ikara ya fi yiwuwar gani shi ne ƙanensu siriri mai fararen fikafikai, da ke zuwa daga gabashin Turai da Asiya bayan ɗaukewar ruwa. Za ka gan shi a kan manyan madatsun ruwa da fadamu yana tafiya sama-sama, ya sunkuya ya tsinci ƙwaro a fuskar ruwa ba tare da ya jiƙa jiki ba. Madatsar Tiga, da aka gama a 1974, tana nan tsallaken iyaka a jihar Kano, kuma ruwanta ne ke gangarawa zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke taruwa dubbai kowace shekara. Wani ɗan uwansu kuma, mai ƙwai a ƙurewar arewacin duniya, yana bin gaɓar yammacin Afirka ya wuce har ƙanƙarar kudu ya dawo, tafiyar da aka auna ta kai kilomita 70,000 a shekara, alhali nauyinsa bai fi giram 100 da 'yan kai ba.

Wannan zirga-zirga tana da farashi, kuma masu kiwon kaji na Kaduna sun san shi. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 karo na farko a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura na cikin masu yawo da ƙwayar cutar daga nahiya zuwa nahiya, kodayake safarar kaji da 'yan tsaki ma tana da nata kason. A 2023 cutar ta kashe dubban sigal masu baƙin kai a Turai, ta kuma yi ɓarna a tsibiran Senegal da Gambiya. Shi ya sa malaman dabbobi ke nanata cewa kada a bar kaji da agwagin gida suna sha a kududdufin da tsuntsayen daji ke sauka, kuma gawar tsuntsun da aka tsinta a bakin dam ba ta miya ba ce.

A Ingila mutanen gari na kukan sigal ya yi yawa, yana sheƙa a kan rufin gidaje, yana tashin su da asuba, yana yaga buhunan shara. Amma a lissafin masana yawansa a gaɓar da ya saba zama ya ragu ƙwarai, har tun 2009 aka sa babban mai tokar baya cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar makomarsu, kuma doka ta hana taɓa sheƙarsa ba da izini ba. Ƙwan mai baƙin kai kuwa an daɗe ana sayar wa masu hannu da shuni shi a wasu gidajen cin abinci na Landan, 'yan makonni kawai ake samunsa a shekara, masu lasisi ne ke tsinto shi.

A garin De Panne na gaɓar Beljiyam har gasar kwaikwayon kukansa ake yi ta Turai baki ɗaya. Manya da yara su sha ado da gashin tsuntsu, su hau dandamali su buɗe maƙogwaro, alƙalai na ba da maki a kan kuka da kuma kan iya kwaikwayon hali. A 2024 wani yaro ɗan shekara tara daga Ingila ya lashe ajin yara da maki 92 cikin 100. Ya ce ya fara koyon kukan ne bayan wani sigal ya sare shi yana cin burodi da kifi a bakin teku.